Karatun kowa da lokacinsa: ta yaya ɗalibi zai sa baki a ajin da ba a haɗuwa?

Koyarwa ta intanet iri biyu ce, kuma rashin bambance su yana sa malamai su sha wahala a banza. Akwai wadda malam da ɗalibai ke hawa lokaci guda, ta Zoom ko Google Meet, ana jin juna ana ganin juna. Akwai kuma wadda malam zai ajiye darasi da aiki, kowane ɗalibi ya zo ya ɗauka sa'ad da ya sami hali: wani bayan asuba, wata bayan ta kwantar da yara, wani sai ran kasuwa in ya shigo gari ya sami rezo. A Nijar ta biyun ce mai ɗorewa. Duk wanda ya san halin wuta a Tawa cikin zafin Afrilu da Mayu, ya kuma san abin da awa ɗaya ta bidiyo ke lashewa a forfen ɗalibi, ba zai ɗora zangon karatu kacokan a kan fatan mutum ɗari biyu su hau intanet ƙarfe goma daidai ba. Mun gani a 2020, da aka rufe makarantu cikin Maris saboda korona. Mun sake gani a 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana rabon lantarki unguwa-unguwa.

Sai dai irin wannan karatu yana da saurin mutuwa, kuma mutuwarsa ba ta da ƙara. Malam ya tura takardar darasi cikin zauren WhatsApp na aji, ya ɗora tambaya a ƙasa. Mutum goma su ce “an gode Malam”, wasu su manna hoton babban yatsa. Biyu ko uku, waɗanda dama su ne bakin aji, su rubuto dogon bayani. Saura su karanta su yi shiru. Mako na gaba malam ya turo wata takarda ba tare da ya waiwayi abin da aka faɗa ba. Kafin wata ya cika, zauren ya koma wurin sanarwar ranar jarrabawa da ta'aziyya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a fasahar sa mutane su yi magana. Tun farkon shekarun 1960 ake horar da masu wayar da kai a karkara. Daga baya aka kawo binciken haɗin gwiwa da ake kira MARP, inda mutanen gari ke zana taswirar ƙauyensu a ƙasa, su jera matsalolinsu, su auna nauyin kowace da tsakuwa. Akwai makarantar gona, wadda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta soma a Indonesiya a 1989, inda manoma ke zagaya fili suna kwatanta shuka da shuka su yanke hukunci da kansu. Akwai Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a yankin Maraɗi a 1991, ta bazu har wasu nahiyoyi. Malaman jami'a da yawa sun jagoranci tarukan bita irin waɗannan, sun san yadda ake raba kati, a kasa jama'a ƙungiya-ƙungiya, a dawo a haɗa. Ilimin yana hannunmu. Tambayar ita ce me zai rage daga cikinsa idan aka cire ɗaki, aka cire da'irar kujeru, aka cire agogo ɗaya da kowa ke kallo.

Kafin a amsa sai an duba abin da mai gudanar da taro ke yi a zahiri, domin yawancin aikinsa ba ya cikin takardar tsari. Da ido yake yi, da tsayuwa, da shiru. Yana hana babba ya fara magana, don ya san in maigari ko mai digiri ya buɗe baki tun farko, kowa bayansa zai bi. Yana lura da wadda ta motsa baki ta fasa, ya juyo ya ce “Hajiya, kamar da magana a bakinki”. Yana yanke lokaci, ya ce saura minti biyu. Sannan a ƙarshe yana tattara abin da aka faɗa ya mayar wa jama'a, su ji maganarsu ta fito daga bakin wani, su gyara inda ya karkace. Robert Chambers, Baturen Ingila da ya yi fice a wannan fanni, yana yawan nanata cewa mai bincike ya miƙa sandar nuni ga mutanen gari, shi ya koma gefe. A intanet babu ido, babu tsayuwa. Duk abin da jiki ke yi a ɗaki dole a mayar da shi ƙa'ida da kalanda tun kafin a soma. Wanda ya kwafo sunan dabara ya bar waɗannan ayyuka a baya, fanko ya ɗauko.

A cikinsu kuwa, na ƙarshen, wato mayar wa jama'a maganarsu, shi aka fi yarwa, kuma shi ne ran abin. Ɗalibi yana sa baki ne idan ya ga abin da ya faɗa ya canza abin da ya biyo baya. In bai gani ba, ya gane cewa tambayar ado ce, ba zai ƙara ɓata megansa ba, kuma yana da gaskiya.

Mun taɓa yin wannan a ƙasar nan ba tare da intanet ba. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Masu gudanar da su, waɗanda da yawansu malaman makaranta ne, suna da akwatin rediyo da na'urar ɗaukar magana. Za a ba da batu, su shiga gari su ɗauki muryoyin mutane, a aika Yamai, a tace a haɗa shiri, a watsa cikin harsunan ƙasa. Jama'a su taru su saurara, su yi muhawara a kan abin da suka ji, a kai rahoto. Manomin Adar da masuncin bakin Kwara ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, tsakanin tambaya da amsa ana kwashe kwanaki, amma magana tana zuwa tana dawowa, mutum yana jin muryar garinsu a rediyo. Wannan shi ne ainihin tsarin da ajin intanet ke buƙata: tambaya ta fita, a amsa a warwatse, wani ya tace, a mayar, a sake tattaunawa. Waya ta rage kwanakin tafiya ne kawai. Aikin tacewa da mayarwa yana nan a wuyan malam.

Bari mu ɗauki dabara guda mu bi ta daki-daki. Akwai wadda ake kira ɗaya, biyu, huɗu, kowa, daga cikin dabarun gudanar da taro da Henri Lipmanowicz da Keith McCandless suka tattara. A ɗaki minti goma sha biyu take ci: minti ɗaya kowa ya yi tunani shi kaɗai, minti biyu ya tattauna da na kusa da shi, minti huɗu a haɗu huɗu-huɗu, minti biyar a kawo wa taro. A karatun kowa da lokacinsa, waɗannan minti goma sha biyu mako guda ne cur. Wannan shi ne abu na farko da malam zai haɗiye. Ba zai yi irin wannan zagaye sau ashirin a zango ba. Huɗu ko biyar masu kyau sun isa, kuma dole ya zaɓi tambayoyin da suka cancanci mako.

A ce darasin tattalin arzikin karkara ne a Tawa, ana magana a kan farashi da ajiya. Tambayar da ba za ta yi aiki ba ita ce “mene ne dokar buƙata da wadata?”, domin amsarta ɗaya ce, tana cikin takarda, kuma tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 na'ura tana rubuta ta cikin daƙiƙa. Tambayar da za ta yi aiki ita ce irin wannan: kowa ya san albasar Galmi tana faɗuwa warwas lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, ta yi tsada bayan watanni. Manomi ya fi kowa sanin haka. To me ya sa yake sayarwa a lokacin araha? Ka tambayi mai noma ɗaya ko dillali ɗaya a inda kake, ka kawo dalilin da ya ba ka, ka faɗi ko ka gamsu.

Dubi abin da ya faru a nan. Warwatsuwar ɗalibai, wadda ake ɗauka nakasu, ta zama jari. Wanda ke Ƙonni zai ji labarin Naira da iyaka. Wanda ke Madawa zai ji na bashin taki da man injin ban ruwa da ake biya da zarar an cire. Wata za ta ji yadda albasa ke ruɓewa a rudu idan damina ta kama. Wani zai kawo zancen jinginar amfanin gona a mangaza don karɓar bashi, tsarin da aka yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, ya tarar cewa abin da ya dace da gero da wake ba lalle ya dace da kayan da ke lalacewa ba. A amfi, wato babban ɗakin darasi na jami'a, mutum ɗari biyu suna kallon allo ɗaya. A nan suna tsaye a kasuwa hamsin.

Matakin farko, na tunanin mutum shi kaɗai, daga Asabar zuwa daren Litinin. Sharaɗinsa guda ne kuma ba a sassauta shi: kada kowa ya ga amsar wani kafin ya ba da tasa. In ba haka ba, amsar gwanin aji da ta fara faɗowa ita za ta zama ma'auni, saura su riƙa juya ta. Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002 kuma kyauta ce, tana da wani nau'in dandalin tambaya da amsa da ke ɓoye amsoshin wasu har sai ɗalibi ya ajiye tasa. Manhajarta ta waya kuma tana barin mutum ya sauke darasi ya yi aiki babu rezo, ta aika daga baya. Inda WhatsApp kaɗai ake da shi, sai kowa ya tura amsarsa ga shugaban ƙaramar ƙungiyarsa kai tsaye, shi kuma ya saki duka lokaci guda safiyar Talata. A wannan mataki intanet ta fi ɗaki nesa ba kusa ba. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai ba su cika jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya ba, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi suna ƙara tsawo, masu amsawa suna ƙara yawa. To ga jiran kwana uku. Ɗalibar da ba ta taɓa ɗaga hannu a gaban maza ɗari ba, da wanda Faransancinsa ke sarƙewa idan ido ya yi masa yawa, sun sami sararin da aji bai taɓa ba su ba.

Mataki na biyu shi ne mai rauni, kuma a nan nake ganin dole a saɓa wa asalin dabarar. Biyu-biyu ba ya aiki a wurinmu. Idan wayar abokin aikinka ta faɗa ruwa, ko ya tafi gona inda babu rezo, makonka ya mutu ba da laifinka ba. Sannan akwai abin da littattafan waje ba su damu da shi ba: haɗa saurayi da matar aure a ce su riƙa musayar saƙo su biyu da dare abu ne da zai iya jawo mata fitina a gida, har ya raba ta da karatun. Uku-uku ya fi, ko a tsallake kai tsaye zuwa ƙungiyar mutum biyar da ba ta canzawa har ƙarshen zango, a kuma bar ɗalibai mata su zaɓi ko suna son ƙungiyar mata zalla. A zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa. Malam ya faɗi ƙa'ida a kan wannan tun ranar farko, da bakinsa, kuma ya tsaya a kanta idan aka taka.

Cikin ƙungiya kowa da aikinsa, kuma aikin yana zagayawa mako-mako. Akwai mai buɗe magana, akwai mai tsare lokaci wanda zai buga waya ga wanda aka ji shiru, akwai mai musu wanda aikinsa shi ne ya nemo inda hujja ta yi rauni, akwai mai rahoto. Na mai musu yana da muhimmanci na musamman a al'adarmu. Kunya da girmama na gaba suna hana ƙarami ya ce wa yayansa a aji “ban yarda ba”, balle a rubuce inda maganar za ta zauna. Amma idan an san wannan makon shi aka ɗora wa musu, ya sami mafaka: ba rashin kunya ya yi ba, aiki aka ba shi. Daga Talata zuwa Alhamis ƙungiya ta tattauna, ta fitar da abu guda: dalilai biyu da suka fi ƙarfi, da wuri ɗaya da suka kasa daidaitawa. Wannan na ƙarshen kada a bar shi. Rahoton da ke cewa “duk mun yarda” yawanci yana nufin mutum ɗaya ne ya rubuta.

Da wane harshe? Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma karatun jami'a da jarrabawa har yanzu da Faransanci ake yin galibinsu. Ni ina ganin a saki harshe a cikin ƙaramar ƙungiya: Hausa, Zabarmanci, Tamajak, Fulatanci, duk wanda ƴan ƙungiyar ke ji, a rubuce ko da murya. Dillalin albasa da Hausa ya yi bayani, kuma rabin ma'anar tana zubewa in aka tilasta juya ta tun a matakin farko. Rahoton da za a kai wa aji shi za a rubuta da harshen jarrabawa. Juyawar kanta karatu ce, domin ba ka iya mayar da maganar manomi cikin kalmomin darasi sai ka fahimci duka biyun.

Saƙon murya ni'ima ne, kuma tarko ne. Yana ɗauke da sautin mutum, yana sauƙaƙa wa mai jin nauyin rubutu, bai kai bidiyo cin mega ba. Amma ba a iya leƙa shi a wuce kamar rubutu. Ɗalibi ɗari uku, kowa minti biyu, awa goma ke nan ta sauraro, babu malamin da zai iya. Don haka murya ta tsaya cikin ƙungiya, kada ta wuce minti ɗaya da rabi, abin da zai hau zuwa ga malam ya zama layi biyar zuwa goma a rubuce. Ƙungiya sittin, rahoto sittin gajeru, wannan mai yiwuwa ne a zama ɗaya ko biyu.

Sai ranar Juma'a, ranar malam. A nan ne zango ke rayuwa ko ya mutu. Abin da ake so saƙo ne guda, murya ta minti biyar zuwa bakwai tare da taƙaitawa a rubuce, wanda ba zai yiwu a ce an shirya shi kafin ɗalibai su yi magana ba. Misali ya ce: “Salamu alaikum, barkanku da Juma'a. Na karanta rahotanninku duka. Yawancinku kun ce bashi ne ke sa a sayar da wuri. Ƙungiya ta bakwai ta kawo abin da ba ya cikin takardar da na ba ku, cewa wani manomin yana da halin ajiya amma yana tsoron asarar ruɓewa fiye da yadda yake kwaɗayin riba. Ƙungiya ta goma sha biyu ba ta yarda ba, kuma hujjarta tana da ƙarfi. Wannan saɓani naku shi ne darasin mako mai zuwa, don haka na ɗaga babin da na yi niyya, za mu fara da yanke shawara cikin kasada.” Ɗalibin da ya ji an ambaci ƙungiyarsu, ya ga an sauya tsarin darasi saboda maganar da ya jiyo a tashar albasa, ba sai an roƙe shi ya shiga zagaye na biyu ba. Masu bincike uku na Kanada, Garrison da Anderson da Archer, sun nuna tun wajen 2000 cewa karatun nesa yana tsayuwa ne idan an ji kasancewar malam, an ji ta abokan karatu, tunani kuma yana ci gaba daga tambaya zuwa warwara. Kasancewar malam ba yawan saƙo ba ce. Malamin da ke amsa kowane saƙo da kansa yana kashe muhawara, don kowa zai juyo gare shi ya bar ɗan uwansa. Ya yi shiru Talata zuwa Alhamis, ya fito Juma'a da nauyi.

Sauran dabaru ba sai an daɗe a kansu ba, tunda ƙa'idar ɗaya ce. Wadda Elliot Aronson ya ƙirƙiro a 1971 a birnin Austin na Amurka, inda ake yanka darasi gida-gida a ba kowane ɗan ƙungiya yanki guda ya ƙware ya koya wa saura, ita ta fi kowace dacewa da wannan yanayi, saboda shirun mutum ɗaya yana barin rami da kowa zai gani, ƴan uwansa da kansu za su neme shi. Taswirar ƙasa ta MARP tana komawa zane a takarda a ɗauki hoto, ƙungiya ta gaba ta ƙara nata a kai. Auna matsaloli da tsakuwa yana komawa ƙuri'a, amma da hattara. Amfanin tsakuwa yana cikin gardamar da ake yi ana matsar da ita, ba cikin lissafin ƙarshe ba. Ƙuri'ar WhatsApp kuma tana nuna wanda ya zaɓi me, ga sakamako yana fitowa tun ana cikin yi, sai na baya su bi rinjaye. Gara a bi hanyar Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard ta Amurka, wanda tun farkon shekarun 1990 yake sa ɗalibai su zaɓa, su yi gardama da juna, su sake zaɓa. A yi ta farko a ɓoye, a ba da kwana biyu na gardama, a yi ta biyu, sannan a tambayi waɗanda suka canza ra'ayi abin da ya canza su.

Akwai kuma waɗanda ba sa ƙetarewa, kuma gara a haƙura da su. Wasannin motsa jiki na farkon taro ba su da ma'ana ga mutumin da ke karanta saƙo shi kaɗai a ɗaki. Wasan kwaikwayo yana son fuska da fuska. Rikici kuwa, idan ya ɓarke tsakanin ɗalibai a kan siyasa ko addini ko ƙabila, ba a sasanta shi a rubuce. Rubutu yana zama, ana ɗaukar hotonsa, ana turawa waje. Malam ya dakatar da zancen, ya kira waɗanda abin ya shafa ta waya.

Shiru shi ne abu mafi wuyar karantawa. A ɗaki kana gane shirun mai tunani da na mai fushi da na wanda bai gane ba. A waya duk kamarsu ɗaya, ga ƙarin wasu: batir ya mutu, forfe ya ƙare, an sace waya, zazzaɓi ya kwantar, waya ɗaya ce tsakanin mutum uku a gida. Malamin da ya fassara kowane shiru da lalaci zai zalunci talakan ajinsa. Shi ya sa wa'adi ba ya zama awa kaza daidai, sai dai tazarar kwana biyu ko uku. Shi ya sa takarda mara nauyi ta fi bidiyo, kuma duk abin da aka faɗa da murya a ba da shi a rubuce. Shi ya sa kalanda za ta san da azumi, ta san da shuka da noman farko, lokacin da ɗalibai da yawa hannunsu na kan hauya. Mako na farkon zango ma kada a sa darasi mai nauyi. Gilly Salmon, wadda ta yi aiki a buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila, ta jera matakai biyar na karatun intanet, na farko da na biyu su ne kowa ya iya shiga, sannan a saba da juna. A gaisa, kowa ya faɗi garinsu da lokacin da ya fi samun rezo, a gwada tura saƙo. Mu da ba mu shiga magana sai an tambayi gida da gajiya, bai kamata a tuna mana wannan ba.

Maki fa? Idan ba a ba da maki ba, ɗalibin da ke da darussa takwas zai bar wannan ya kama wanda ake ƙirgawa. Idan kuma aka ce maki na bin yawan saƙo, za a cika zaure da “na goyi bayan ɗan uwana”. Abin da ya fi shi ne a raba: kaso ɗaya ga amsar farko, ana duba ko an yi ta da gaske kuma cikin lokaci, ba ko ta yi daidai ba, kaso ɗaya ga rahoton ƙungiya, kaso ɗaya ga ɗan gajeren rubutu a ƙarshen zagaye inda ɗalibi zai faɗi abin da ya ɗauka da farko, abin da yake gani yanzu, da maganar wa ta motsa shi. Na ukun yana da wuyar kwafa, kuma yana tilasta sauraro.

Inda nake ganin wannan tsari zai fi amfani nan kusa shi ne wurin malamai masu zuwa aiki na ɗan lokaci. Jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram a 2010 aka kafa su, na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, kuma sananne ne cewa sababbin jami'o'i suna dogara da malaman da ke tasowa daga wani wuri, sau da yawa daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, su dunƙule darasin zango cikin ƴan kwanaki su koma. Ɗalibi yana shan awa shida ko takwas a yini yana rubutu, babu lokacin narkewa. Da za a yi zagaye biyu ta waya kafin malam ya iso, ya shigo aji ya riga ya san inda ɗalibansa suka tsaya da inda suka saɓa, kwanakin haɗuwar sai su tafi a kan abin da ke buƙatar fuska da fuska. Bayan ya koma a yi wasu biyu, karatu bai yanke da tashin motarsa ba. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko babbar na'ura.

Abin da yake buƙata shi ne lokacin malam, kuma a nan hukumomin jami'a ke da nasu aikin. Tsara tambaya mai kyau, kasa ƙungiyoyi, karanta rahoto sittin, haɗa saƙon Juma'a, bin sawun waɗanda suka ɓace, duk wannan yana cin awoyin da ba su gaza na tsayuwa gaban allo ba. Muddin awar da aka yi cikin amfi kaɗai ake ƙirgawa a nauyin aikin malam da biyansa, masu yin wannan za su kasance ƴan tsiraru masu sadaukarwa, kuma za su gaji. Ajin da ya haura mutum ɗari yana son mataimaka, ɗaya ga kowace ƙungiya goma ko goma sha biyu. Ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya, idan an horar da su na kwana biyu ko uku kan yadda ake tambaya ba tare da ba da amsa ba, aka kuma sa aikin cikin abin da ake ƙirga musu. Su ne za su fara lura cewa wata ɗaliba a Abalak ta yi mako biyu ba a ji ta ba, su kira, su gano ko waya ce ko rashin lafiya, su shaida wa malam kafin a kai ga jarrabawa.